Yadda Ake Girka Injin Walda na Lantarki, a Yi Aiki da Shi, a Kuma Kula da Shi Lafiya

Duk wanda ya bi ta layin masu walda a Garwa, Marwa, Kusiri ko Njamena ya san cewa ƙofofin gidajenmu, tagogi, gadaje, amalanke da garmar shanu duk daga hannun waɗannan mutane suke fitowa, kuma mafi yawansu da injin walda na lantarki suke aiki, wanda a nan aka fi kira fos. Aikin injin shi ne ya karɓi wutar gari mai ƙarfin volt 220, ko volt 380 idan mai layi uku ne, ya rage mata ƙarfin turi, ya ƙara mata yawa, har ta iya tsallaka ɗan gibin da ke tsakanin sandar walda da ƙarfe ta zama harshe mai zafin da ya haura digiri 3,000. Abin da ya kamata mai sana'a ya riƙe tun daga ranar farko shi ne, wutar da ta fita daga injin dole ta koma cikinsa, kuma za ta bi duk hanyar da ta samu, ko waya ce, ko sarƙa, ko bututun ruwa, ko jikin mutum. Mafi yawan ƙa'idojin da ke tafe ƙoƙari ne na shimfiɗa mata gajeriyar hanya mai kyau wadda ba ta ratsa ta jikin kowa ba.

Za a fara da wurin da injin zai zauna. Ana son busasshen wuri mai inuwa da iska, a ɗora injin a kan katako ko teburi don kada ya zauna a ƙasa inda ruwan damina da garin ƙarfe ke taruwa, a kuma bar masa tazarar kamu biyu ko fiye daga bango ta gaba da ta baya domin fankarsa ta shaƙi iska. Kada a gurza ƙarfe ta yadda tartsatsin zai nufi ramukan iskar injin, domin garin ƙarfe yana ɗaukar wuta, kuma idan ya kwanta a kan allon lantarkin da ke cikin injin inbata, wato ƙaramin injin walda na zamani marar nauyi, yakan haɗa hanyoyin da bai kamata su haɗu ba. Tartsatsin walda yana iya yin tafiyar mita 10, saboda haka a kawar da katifa, zana, tsumma mai mai, kwali da fenti daga wannan tazara. Wannan magana ta fi nauyi a garuruwanmu, inda ake jera kwalabe da jarkokin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a wajen gidan mai, a bakin titi, wani lokaci a jikin rumfar mai walda. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana malala ba tare da an gan shi ba, don haka idan maƙwabcinka mai sayar da mai ne, sai ɗayanku ya matsa. A ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda a inda hannu zai kai, a kuma sani cewa ba a watsa ruwa a kan abin da ke jone da lantarki.

Jona injin da wutar gari aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, kuma kuɗin da za a ba shi bai kai kuɗin sake nannaɗa wayoyin injin da ya ƙone ba. A jikin kowane inji na kamfani akwai ɗan allo da ke nuna yawan wutar da yake ja, wanda ake aunawa da amfiya. Injin inbata mai fitar da amfiya 200 a kan layi ɗaya yana iya jan kusan amfiya 30 idan an buɗe shi duka, alhali soket ɗin ɗaki an yi shi ne don amfiya 16. Saboda haka a ja masa layinsa shi kaɗai daga allon rarraba wuta, da wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 4, ko 6 idan akwai nisa, a sa masa makashin wuta mai tsinkewa da kansa, wanda masu gyaran wuta ke kira dijonkta, daidai da abin da allon jikin injin ya nuna, tare da makashin da ke jin yoyon wuta na miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya. Makunnin ya kasance kusa, a inda ko ƙaramin yaron shago zai iya kashe shi cikin gaggawa. Cusa tsirarar waya a cikin soket a tokare ta da tsinken ashana, ko maye gurbin fiyus da ƙusa, al'adu ne da suka ƙona shaguna da yawa. Idan ya zama dole a yi amfani da wayar ƙari, a warware ta duka daga nannaɗinta, domin wayar da ke nannaɗe tana tara zafi har robarta ta narke.

Akwai wayoyi biyu da mutane ke rikitawa, kuma a ganina wannan rikici shi ne tushen haɗari mafi girma a shagunanmu. Ta farko ita ce wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke haɗa gangar jikin injin da sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, tsawon mita 1.5 zuwa 2. Ba ta ɗaukar wuta a lokacin aiki. Ranar da rufin wata waya ya ci a cikin injin har gangar jikinsa ta ɗauki volt 220, ita ce za ta janye wutar ta sa makashi ya tsinke kafin hannun mutum ya kai. Busasshiyar ƙasa irin tamu a lokacin rani ba ta karɓar wuta sosai, shi ya sa ake kafa sandar a wuri mai damshi, ana kuma zuba mata ruwa lokaci-lokaci. Ta biyu ita ce wayar komawa, mai matsewa a bakinta, wadda ake kira mas. Ita ce ke ɗauke da dukkan wutar walda, amfiya 100 ko fiye, ta mayar da ita cikin injin. Kasancewar an maƙala mas ba ya nufin injin yana da wayar ƙasa, kuma ɗaya ba ta tsaya wa ɗaya.

Ana maƙala mas a jikin abin da ake waldawa, kusa da wurin aikin gwargwadon iko, bayan an kankare fenti da tsatsa har farin ƙarfe ya bayyana. Abin da aka saba gani, wato a jera guntayen rodi da tsoffin ƙarafa a ƙasa daga injin zuwa wurin aiki a ɗora musu dutse, yana sa kowace mahaɗa ta yi zafi ta yi tartsatsi, harshen waldar ya riƙa yankewa, mai aikin kuma ya yi ta ƙara amfiya yana zargin injin. Ba a mayar da bututun ruwa, sarƙa, ko ƙarfen ginin da mutane ke ciki hanyar komawar wuta. Idan mota ko babur ake wa aiki, a cire kan batir tukuna, a kuma sa mas ta yadda wutar ba za ta ratsa ta cikin boris ba, domin takan ɗanɗana ƙwallayensa ta bar musu tabo, bayan 'yan makonni mai motar ya fara jin ƙara bai san daga ina ta samo asali ba. Wayoyin walda su kansu su kasance masu kauri, milimita murabba'i 25 ga inji mai amfiya 160, 35 ga mai amfiya 200, kuma mahaɗarsu da injin ta ɗauru tamau. Wayar da ta yi zafi har ba a iya riƙe ta tana nuna ko dai ta yi siriri, ko wata mahaɗa ta saki.

Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani masu walda da yawa sukan koma kan janareta, kamar yadda takwarorinsu na Chadi suka saba. Janaretan da zai ɗauki inji ya kamata ƙarfinsa ya fi abin da injin ke ja da kamar rabi, kuma idan inbata ne, ya kasance yana da na'urar daidaita ƙarfin wuta, domin hawa da saukar wuta suna kashe allon inbata nan take. Ana tayar da janareta a bar shi ya daidaita kafin a kunna injin walda, ana kuma kashe injin walda kafin a kashe janareta. A ajiye shi a waje saboda hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri, kuma kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Injinan taransifoma ƙirar gida, waɗanda ake nannaɗawa da hannu a saka cikin akwatin katako ko na kwano, sun fi jure wahala, amma yawancinsu ba su da allon bayani, ba su da makashin zafi, kan wayoyinsu kuma a buɗe yake. Wanda ke da irinsu ya sa a rufe masa kan wayoyin, a haɗa gangar da wayar ƙasa, a kuma auna masa ƙarfin wutar da ke fita idan ba a walda.

Wannan awo yana da muhimmanci saboda lokacin da ya fi haɗari ga mai walda shi ne lokacin da injin ke kunne amma ba a walda. Yayin da harshen ke ci, ƙarfin wutar yana tsakanin volt 20 da 30, amma da zarar an ɗaga sanda sai ya hau zuwa volt 50 har 80. Busasshiyar fata tana tare mafi yawan wannan, amma jiƙaƙƙen jiki tirjiyarsa na iya sauka zuwa kusan om 1,000, kuma volt 80 a kan om 1,000 yana ba da miliamfiya 80, wanda ya isa ya rikita bugun zuciya. A watan Afrilu a Garwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu mai walda da rigarsa ba ta jiƙe sharkaf da gumi. Na taɓa gani da idona a wani shago, wani yaro mai koyo yana haɗa firam ɗin ƙofa, ya so ya gyara zaman ƙarfen da hannu biyu, sai ya maƙale mariƙin sandar a hammatarsa, ya dafa ƙarfen da mas ke jikinsa. Wutar ta jefar da shi kan tarin rodi, ya tashi yana haki, da tabon ƙuna a gefen ƙirjinsa. Maigidansa ya fara kashe makunni kafin ya isa gare shi, sa'an nan ya ce masa, "Kai yaro, ƙugiyar nan da na kafa a bango ba don ado na kafa ta ba, can ake rataye mariƙi." Tun daga ranar nake duba ko shago yana da wurin rataye mariƙi kafin in duba komai. Ba a canza sanda da tsirarar hannu ko da jiƙaƙƙiyar safar hannu, ba a nannaɗa waya a kafaɗa, ba a tsoma mariƙi mai zafi cikin ruwa, ba a kuma tsayawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa sai a kan busasshen katako ko shimfiɗar roba. Wutar da ke juyawa gaba da baya, irin ta taransifoma, ta fi miƙaƙƙiyar wutar inbata, mai tafiya ta gefe ɗaya kawai, haɗari ga zuciya, saboda haka aikin cikin tanki ko wuri mai damshi ya fi dacewa da inbata mai na'urar rage ƙarfin wuta idan ba a walda, kuma da mutum na biyu a tsaye kusa da makunni.

Sutura ta kasance ta auduga mai kauri, mai dogon hannu, tare da safar hannu ta fata, bantan fata da rufaffen takalmi. Muna zaune a ƙasar auduga, amma abin mamaki sai ka ga yaron shago sanye da rigar ƙwallo ta roba da silifas, alhali irin wannan yadi idan tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata. A cire zobe da agogon ƙarfe, a fitar da laita daga aljihu. Mai na'urar taimakon bugun zuciya kada ya kusanci aikin sai likita ya yarda.

Ido kuwa yana buƙatar garkuwar walda ta ainihi, mai baƙin gilashi lamba 10 ko 11 ga aikin da bai wuce amfiya 150 ba, lamba 12 ko 13 ga abin da ya fi haka, da farin gilashi a gabansa mai tare tartsatsi. Baƙin tabarau na kasuwa yana rage hasken da ake gani ne kawai, ya bar fuska a buɗe, kuma babu tabbacin yana tare hasken ultirabayolet wanda ido ba ya gani. Shi wannan haske yana ƙona fatar ƙwayar ido, kuma ciwon ba ya tashi sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa mutum yakan farka tsakar dare yana jin kamar an zuba masa yashi a ido. Maganinsa shi ne a zauna a wuri mai duhu, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan rufaffen ido, kada a murza, kada a ɗiga wani abin da likita bai bayar ba, kuma idan bai lafa cikin kwana ɗaya zuwa biyu ba a tafi asibiti. Ɓarɓashin ƙarfe da ya maƙale a ido aikin asibiti ne tun daga farko. Tunda yawancin aikinmu a bakin hanya ake yinsa, a kafa shingen kwano ko katako saboda masu wucewa, musamman yara, waɗanda hasken ke jan hankalinsu su tsaya suna kallo.

Hayaƙin walda ma ba abin rainawa ba ne, domin a shekarar 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. A yi aiki inda iska ke kaɗawa, a tsaya ta yadda za ta ɗauke hayaƙin daga fuska, kada a sunkuyar da kai cikinsa. Ƙarfe mai rufin tutiya, wanda ake kira galba, yana fitar da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi, ciwon jiki da rawar sanyi bayan 'yan sa'o'i, har mutum ya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, don haka a gurje rufin daga wurin da za a yi walda, a kuma sa abin rufe hanci mai tace hayaƙi. Gwangwanin madara da ake sha bayan aiki abinci ne mai kyau, amma ciki yake tafiya, hayaƙi kuma huhu ya shiga.

Game da aikin kansa, sandar da aka fi amfani da ita, wadda muke kira baget, ita ce mai lamba 6013, tana ci da kowace irin wuta, ta kuma dace da ƙofofi da tagogi. Mai lamba 7018 ta aikin da zai ɗauki nauyi ce, kamar shasin mota da ƙarfen rufi, kuma ta fi kyau da miƙaƙƙiyar wuta, a jona wayar mariƙi a mahaɗar injin mai alamar tarawa (+). Sanda mai kaurin milimita 2.5 tana son amfiya 60 zuwa 100, mai 3.2 tana son 90 zuwa 130, mai 4 kuma 130 zuwa 180, amma abin da ke rubuce a kwalin shi ne abin bi. Ana kunna harshen ta hanyar karta sandar kamar ashana, a riƙe tazarar da ba ta wuce kaurin sandar ba, a ɗan karkatar da ita wajen da ake tafiya, a ja a hankali. Idan sanda tana yawan mannewa, amfiya ta yi kaɗan ko sandar ta sha damshi, idan kuma tana yin ja tana feshi tana cin gefen ƙarfe, amfiya ta yi yawa. Sandar da ta manne a murɗa ta a ɓalle nan da nan, in ta ƙi a saki mariƙin daga jikinta, domin barinta a manne yana dafa injin. Lokacin ɓare ɓawon walda a sa farin tabarau, saboda ɓawon yana tsalle da zafinsa.

A kan allon bayanin injin akwai wani lissafi da mutane ke tsallakewa, wato kason lokacin aiki. Idan an rubuta kashi 60 cikin 100 a amfiya 200, ma'anarsa a cikin kowane minti 10 injin zai yi walda minti 6 ya huta minti 4, kuma ana yin wannan awo ne a zafin digiri 40. Injin da aka bari cikin ranar bazara a Kusiri ya riga ya wuce wannan ma'auni tun kafin a fara aiki. Idan fitilar zafi ta kama injin ya tsaya, a bar shi a kunne fanka ta ci gaba da hura shi har fitilar ta mutu, kada a kashe shi, kada kuma a yarda wani ya cire makashin zafin da sunan gyara.

Duro, tankin babur ko tankin mota da ya taɓa ɗaukar mai ya fi haɗari idan babu komai a cikinsa, domin tururin da ya gauraya da iska shi ne ke fashewa, kuma yana iya zama a ciki tsawon watanni. Ɗauraya ɗaya da ruwa ba ta wadatar. Sai an wanke shi da ruwan zafi da sabulu sau da yawa, a buɗe dukkan murafunsa, a cika shi da ruwa har kusa da wurin da za a yi aikin, kuma wanda bai san abin da duro ya taɓa ɗauka ba ya mayar wa mai shi da abinsa. Bayan kowane aiki a gidan mutane a tsaya aƙalla minti 30 ana duba rufi, zana da lungu, saboda tartsatsi yakan kwanta yana ci a ɓoye. Idan wuta ta kama mutum, a kashe makunni kafin a taɓa shi, ko a ture wayar da busasshen katako, kuma idan ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya yayin da wani ke neman mota. Ƙuna kuma ana sanyaya ta da ruwa mai gudana na minti 20, ba a shafa mata man goge baki, ƙwai ko baƙin mai. Lambar 'yan kwana-kwana a Kamaru ita ce 118, kuma ya dace a rubuta ta a bangon shago.

Kula da injin ba shi da wuya idan ya zama al'ada. Kowace safiya, kafin a kunna, a bi wayoyi da hannu daga farko zuwa ƙarshe ana neman tsaga ko inda jan ƙarfe ya leƙo, a duba robar mariƙi da haƙoran mas, a saurari fanka idan ta tashi. Wayar da ta tsage kusa da mariƙi a yanke a sake ɗaurawa, ko a canza ta, domin ledar da ake nannaɗewa da ita ba abin dogaro ba ce wajen tare wuta. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana cika cikin injin, saboda haka kowane wata a zare shi daga wuta, a jira aƙalla minti 5 domin ma'ajiyar cajin inbata tana riƙe wuta mai kisa bayan an kashe, sa'an nan a buɗe a hure shi da busasshiyar iska marar ƙarfi sosai, ana riƙe da fanka don kada ta yi ta juyawa. A ƙara ɗaure kusoshin mahaɗa, a goge koren tsatsar da ke hawa kansu, a kuma sa mai gyaran wuta ya gwada wayar ƙasa da makashin yoyo aƙalla sau ɗaya a shekara, zai fi kyau a ƙarshen rani lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Da damina kuwa sandunan walda ne ke wahala, domin rufinsu yana shan damshi ya sa walda ta yi ƙananan ramuka. A ajiye su cikin rufaffen gwangwani nesa da ƙasa, a buɗe kwali ɗaya kawai a lokaci guda. Mai lamba 7018 da ta sha iska tana buƙatar gashi na digiri 300 zuwa 350 na awa ɗaya zuwa biyu kafin a yi aikin nauyi da ita, shanya a rana ba ta isar mata, amma 6013 ba ta son irin wannan zafi, ɗumi na kusan digiri 100 ya ishe ta. Idan an tashi daga aiki, a cire guntun sanda daga mariƙi, a kashe injin, a kashe makunnin bango, a naɗe wayoyi a rataye su, a kuma jira gangar injin ta huce kafin a lulluɓe shi.